Tukunyar Wutar Gari

Damofon magini ya ɗaga murfin tukunyar saitin rana. Ta waje ramukan shan iska sun fito ras, amma ta ciki ya toshe kowanne da yumɓu kafin ya gasa. Garwashin da aka rufe da wannan murfi ba zai yi nisan kwana ba.

A shekarar nan garinmu ya cika ya batse. Tun da ƙauyukan tudu suka haɗe a bayan ganuwa ɗaya, bakuna suka fi sha'ir yawa. Dattawa suka yanke cewa duk gida mai 'ya'ya maza biyu ya ba da ɗaya, a haye teku a kafa sabon birni. Ƙuri'a ta faɗa kan Telesiyas, ƙanen Damofon, kuma shi aka zaɓa ya ɗauki garwashi daga murhun gari. Mai ɗaukar wuta shi ke fara zaɓen gona a can, jikokinsa su yi ta cin albarkacin sunansa. In kuwa ta mutu a hannunsa, cikin teku ake jefa shi.

Damofon dai an bar masa gonar duwatsu da aikin gina tukunyar. Hassada ta ci shi har ya rame. Haka abin yake tun suna yara, ko tari Telesiyas ya yi sai a ce ya iya zance.

Da hantsi gari ya hallara a bakin ruwa. Mai tsaron murhu ya zuba garwashi a tukunyar, ya rufe, ya ɗaure da igiya, ya liƙe bakin da kakin zuma. Ba mai buɗewa sai an taka sabuwar ƙasa.

Telesiyas ya dafa kafaɗar wansa. "Yaya, wannan ɗaure fuska fa? Sai ka ce an aiko maka da saƙon mutuwa."

"Kai dai je ka ci sarautarka, ɗan lelen alloli," in ji Damofon. "Mu masu tsintar duwatsu muna nan."

Telesiyas ya yi dariya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ai doka cewa ta yi ɗa ɗaya, ba ta ce wane ba. Na roƙi dattawa ka tafi a madadina, sun amince. Matata ta yi nauyi, ba ta iya teku. Kuma ina ganin yadda kake kallon jirgin nan, Yaya, ko abinci ba ka ci. Kai ne babba, kai ka gina ta. Ungo."

Mata suka rangaɗa guɗa. In Damofon ya ce a sake murfi, sai ya faɗi dalili a gaban gari duka, a gaban tsohuwarsu da ke ɗora masa ganyen zaitun a ka tana kuka.

Telesiyas ya miƙa masa tukunyar.

"Na gode," in ji Damofon da kyar.

Jirgi ya ɗaga. Mazan da suka rage suka fara tara duwatsu a gaɓa bisa al'ada, domin duk wanda ya juyo da baya da jifa ake tarbarsa. Telesiyas yana cikinsu, yana ɗaga wa wansa hannu.

A cikin jirgi, wani dattijo mai tuƙi ya sunkuyo wajen Damofon. "Riƙe ta gam, ɗana, ranmu duka a cikinta yake. Wutar tana nan dai ko?"

Damofon ya manna tukunyar a cikinsa.

"Da sauran ɗuminta, Baba," ya ce.