Inji Ba Ya Kuskure

"Kuramochi-san, kin sake yin numfashi."

Muryar darakta Onodera ce ta fito ta lasifika daga bayan gilashi. Na sunkuya na ba da haƙuri. In ba a wannan sana'a tamu ba, ina ka taɓa jin an yi wa mutum faɗa don ya ja iska? Amma makirufo ba ya rufa wa kowa asiri. Ko yawu ka haɗiye sai ya kai ƙararka.

Ni, Kuramochi Suzune, ni ce nake muryar Chiyori, mutum-mutumin injin da ke ninke kaya a shagon wanki, a wani fim ɗin zane na barkwanci da ake nunawa kashi-kashi. Tsurumi Kippei shi ke muryar Ryohei, ɗalibin da ke kwaso wankakkun kayansa kullum ya kawo a sake wankewa don kawai ya gan ta. Chiyori takan ƙona masa riga da dutsen guga, ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce, "Inji ba ya kuskure." Wannan maganar har yara sun ɗauka, na sha jin su a jirgin ƙasa suna jifan juna da ita. Tun farkon labarin "kwastoma" take ce masa. Yau, a kashi na ƙarshe, za ta kira sunansa.

Abin da zan faɗa bai taka kara ya karya ba: "Ryohei. Na binciki duk wayoyin jikina, ban ga inda ya lalace ba. Ashe sonka nake yi." Shi ke nan. Sai dai inji ba ya jan numfashi kafin ya yi magana, ni kuwa da na zo bakin sunan sai ƙirjina ya buɗe da kansa.

Laifin Tsurumi-san ne, ba zan ɓoye ba. Da safe ya shigo da kwalin tuffa, ya ajiye a teburin shayi, ya sunkuya ya ce ciwon baya ya kwantar da mahaifinsa, babu mai duba gonar tuffarsu, gobe zai koma garinsu Aomori gaba ɗaya. Kowa ya yi ta "ayya" da "kai, za mu yi kewarka". Ni ma na ce ayya, na ɗauki tuffa ɗaya kamar wata mai hankali. Tun ranar da muka fara wannan aiki nake son mutumin nan, kuma duk abin da ya taɓa haɗa mu shi ne "sannu da aiki" da "a yi haƙuri, zan wuce". Tsoro nake ji ƙwarai. Gobe war haka yana can cikin itatuwa, bai san komai ba.

Aka sake kunna hoton. Ba a ma gama fenti ba, zanen fensir ne ke motsi a allo. Na taka a hankali da takalmin roba na tsaya gaban makirufo, Tsurumi-san na gefena, kafaɗarsa ta kusa taɓa tawa. Jar fitila ta kama.

"Numfashi," in ji Onodera-san.

Aka sake.

"Yanzu kuma muryar na rawa. Kuramochi-san, Chiyori ba ta da maƙogwaro. A huta kaɗan."

A teburin shayi Hatsue-san ta tare ni. Ita ke muryar kakar Ryohei, ta tsufa a sana'ar, kuma bakinta ba ya da birki.

"Suzu-chan, inji ne ya lalace ko mai injin?"

"Mura ce ke son kama ni."

"Mura? Oho. Wannan murar mai tsayi ce, tana sa tabarau, tana rabon tuffa?"

"Hatsue-san, don girman tsufanki ki rage murya!"

"Ni da na yi shekaru ana biyana don in ɗaga ta? Ke 'yar nan, duk ɗakin nan an sani. Mai share ƙasa ma ta sani. Mutum biyu ne kawai ba su da labari, ke da wancan sakaran." Ta tura min alewar maƙogwaro a tafin hannu. "Tsotsa. Fuskarki ta yi fari fat kamar awara."

Na leƙa. Sakaran yana can kusurwa yana ja wa takardarsa layi da jan biro, hankalinsa kwance. Haushi ya kama ni. Mutum zai tafi gobe, kuma ya zauna yana ja wa takarda layi!

Da muka koma, Onodera-san bai yi kwana-kwana ba.

"Wasu na jiran ɗakin nan da rana. Mu gwada sau ɗaya. In bai yiwu ba, Tsurumi-san ya faɗi nasa ya tafi, ke kuma ki dawo wani satin mu ɗauki naki ke kaɗai."

Wato in dawo in tsaya a ɗaki babu kowa, in gaya wa makirufo ina sonsa. Ko a bakin Chiyori ma ba zai ji ba ke nan.

"Kuramochi-san," Tsurumi-san ya ce ƙasa-ƙasa, bai ko dube ni ba, "ki fitar da iskar duka tukuna. Sai ki yi magana da abin da ya rage."

Na ce na gode. A raina kuwa na ce, malamin numfashi, sannu.

Fitila ta kama. A allo Chiyori ta ajiye dutsen guga ta juyo. Na fitar da iska har sai da na ji haƙarƙarina sun matse, na kafe idona a kan bakinta, ya buɗe, na bi shi.

"Kippei. Na binciki duk wayoyin jikina, ban ga inda ya lalace ba. Ashe sonka nake yi."

Babu numfashi, babu rawa. Ya fita sumul, har na fara jin daɗi. Sai na lura ɗakin ya yi tsit fiye da yadda ya kamata.

A allo bakin Ryohei na buɗewa yana rufewa, babu sauti. Tsurumi-san, wanda tun da na san shi bai taɓa makara da ko harafi ɗaya ba, yana tsaye takarda a hannu, kunnuwansa sun yi jawur. Sannan kunnena ya maido min abin da bakina ya faɗa. Kippei. Ba Ryohei ba, ba ma Tsurumi-san ba. Sunansa na yanka tsurarsa, ko "san" ɗin girmamawa ban liƙa masa ba, yadda mahaifiyarsa kaɗai ke kiransa, a gaban kowa da kowa, kuma na'ura ta naɗe.

Wayyo ni. Na so ƙasa ta tsage.

Daga kujerun baya na ji Hatsue-san na tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Lasifika ta yi ƙara, Onodera-san ya gyara murya.

"Yanayin ya yi daidai. Haka nake so." Na ji ya juya takarda. "Sunan ne ba na cikin takardata. A sake."

Muka sake. Na ce Ryohei, shi ma ya faɗi nasa, aka ce ya yi, aka tafa. Ban san yadda na yi gaisuwar sallama ba. Na sunkuya wa darakta, na sunkuya wa masu na'ura, ina jin har injin sayar da lemo na sunkuya wa, na suri jakata na yi hanyar matakala. So nake kawai in kai tasha kafin kunya ta kashe ni.

"Kuramochi-san."

Na tsaya, hannuna a kan ƙarfen matakala. Da sunan gidanmu ya kira ni, da ladabinsa cif. To, shi ke nan, na ce a raina, zai ce kada in damu, kowa na yin tuntuɓen harshe, ya yi min fatan alheri.

Ya sauko ya tsaya sama da ni kaɗan, rungume da kwalin tuffar da babu komai a ciki. Kuma ina jin numfashinsa sarai, malamin numfashi guda.

"Wancan na farkon," ya ce. "Kafin a sake. Ina so in sani kafin in hau jirgi gobe. Kuskure ne?"

Duk kalmomin da na yi ta tarawa tun bara suka watse, babu ko ɗaya. Abin da ya rage min na Chiyori ne. Na miƙe tsaye, na haɗa hannuwana a gaba yadda take yi.

"Inji ba ya kuskure," na ce. Muryar ta yi rawa, Onodera-san da ya ji da ya ce a sake.

Ya ja iska mai yawa, wadda kowane makirufo zai kama.

"Suzune," ya ce.