Aron Mai Lema

Duk wanda ya san Dogo a ɗakin zanen nan zai gaya maka hannunsa na da albarka, amma ba a ba shi aro. Editan mujallarsu yakan ce in ka ara masa alƙalami, a tattaune zai dawo. Mai shara ta ce ta taɓa ara masa bokiti, ya dawo mata da shi an yi masa idanu da gashin baki. Matarsa kuwa, in aka kai mata ƙara, cewa take su gode Allah, su dai nasu yana dawowa.

Masu zanen kowa da teburinsa da labarinsa da ke fita a mujalla duk mako. Suna da wata al'ada: ba a taɓa jarumin wani, amma ƙananan mutanen da ke kewaye da jarumi, waɗanda suke kira 'yan rakiya, aronsu ake yi kamar tsani tsakanin maƙwabta. Direban tasi na labarin wannan, sai ka gan shi ya ɗauko fasinja a labarin wancan. Masu karatu na jin daɗin haka ƙwarai. Sharaɗin ɗaya ne, yadda ka ɗauki mutum haka za ka mayar da shi.

Ɗan rakiyar da ya fi farin jini shi ne Mai Lema, na labarin Gwani, babbansu a ɗakin. Wani gajeren tsoho ne da ke tsaye a bakin titi da lema, ko hadari ko babu, yana nuna wa jarumi hanya. Ba daga ka Gwani ya ƙirƙiro shi ba. Surukinsa ne, Baba, wanda ya ƙare aikinsa yana tsallakar da 'yan makaranta titi. Duk mako Baba kan sayi mujalla biyu, ɗaya ta nuna wa abokan hira, ɗaya ya ƙulle ta a leda.

Labarin Dogo kuwa na wani ƙaton kada ne da ya baro kogi ya shigo gari. Ya roƙi Gwani aron Mai Lema, Gwani ya ƙi. Ya yi ta naci kamar ƙuda a kan ɓawon mangwaro, har Gwani ya gaji ya ce shafi ɗaya, kuma ko hularsa kada ta karkace.

Hular ba ta karkace ba. Da mujalla ta fito, ga kada a tsakiyar titi, ga Mai Lema ya yar da lema ya zura da gudu, ya bar wata ƙaramar yarinya tsaye da jakar makaranta. Jarumin labarin Dogo, mai farautar kadan, shi ya zo ya sure yarinyar. A akwatin ƙarshe kada ya haɗiye tsohon, ƙafafu kawai ake gani a waje.

Abokan hirar Baba suka yi jeri zuwa gidansa wai sun zo ta'aziyya, har ɗaya na tambayar wa zai gaji lemar. Baba ya daina fita. Matar Gwani ta ce da mijinta, sai ranar da aka fito da ubanta daga cikin kada za ta ƙara ɗora tukunya.

Gwani ya ce wa Dogo ya je ya ba tsoho haƙuri. Dogo ya ce mujalla ta ƙare ƙarƙaf a kasuwa, ai suna ya yi wa Baba, kuma abin da alƙalami ya ɓata alƙalami ke gyarawa. Mako na gaba ciki ya murɗa wa kada, ya amayo Mai Lema lafiya lau, sai dai ba wando. Abokan hira suka koma, wannan karon barka da arziki, suna tambaya ko akwai fanka a ciki. Dogo ya sake gwadawa, ya ba Mai Lema lemar zinariya da lambar yabo. Baba bai ma aika an sayo ba.

Ran nan da hantsi sai aka ji ƙwas, ƙwas a kan matakala. Baba ne, yana dogara lema. Gwani ya miƙe da sauri ya ba shi kujera, ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Dogo ya so ya laɓe bayan kabad, amma kabad ɗin iyakarsa kafaɗa.

"Kai ne mai kadan?" in ji Baba.

Dogo ya fito yana sosa ƙeya, ya fara bayanin yadda masu karatu suka yaba. Baba ya bar shi har ya ƙare. Sannan ya ce kadan ya zanu, haƙoran nan sai ka ce za su ciji takarda. Haɗiyar ma ba ta dame shi ba, kowa da hanyar tafiyarsa. Wandon ma ya yafe, don ko shi ya yi dariya da ya shiga ɗaki. Ya zaro shafin farko daga aljihu, ya shimfiɗa a tebur, ya ɗora yatsa a kan yarinyar.

"Wannan 'yar wace ce?"

"Ba 'yar kowa ba ce, Baba. Zana ta kawai na yi."

"Ni ma waɗanda na tsallakar ba nawa ba ne. Jiya wata daga cikinsu ta zo gaishe ni da ɗanta. Yaron ya leƙa fuskata ya ce, Mama, wannan ne ya gudu?"

Dogo ya jawo farar takarda, ya ce yanzun nan zai zana Mai Lema ya shaƙe kada da hannu ɗaya, har ya cire murfin alƙalami. Baba ya ɗora bakin lemarsa a kan takardar ya danne.

Dogo ya dubi lemar, ya dubi Gwani, Gwani ya kau da kai. Sai ya ajiye alƙalamin, ya naɗe dogayen ƙafafun nan ya durƙusa, kansa ya zo daidai da na tsohon da ke zaune.

"Baba, na yi maka ƙarya a gaban mutane. Ban kyauta ba. Don Allah ka yi haƙuri."