Kada Ya Taɓa Min Fushina

"Tambaya ɗaya gare ni," mai ɗinkin ta katse likita. "Maganin nan, yana cire fushi?"

Likita ta ajiye biro. Tun shigowar matar take jan magana daga bakinta da ƙyar: barci ba ya zuwa, abinci ba ya shiga, wanka ma sai 'yarta ta yi ta roƙo. Tun rasuwar mijinta take kwance, fuska a bango. Amma da aka zo kan fushi, sai ga murya ta fito tar.

"Da wa kike fushi?"

"Da ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na ɗora ta a kan keken ɗinki, ni na koya mata zura zare a allura. Ina kwance ta goge sunana daga ƙofar shago ta rubuta nata. Duk wadda ta zo nemana sai ta ce, 'Ai Yaya ta taɓu, ku sa ta a addu'a.' Ni ce na taɓu!"

"Ba ki taɓu ba," in ji likita. "Ciwon damuwa ne, kuma ana maganinsa. Sai dai ba ya aiki nan take, sai an yi makonni. Da farko za ki iya jin tashin zuciya ko jiri. Kuma ba a daina shi kwatsam don an ji sauƙi, sai mun duba tare."

"Ba ya sa rawar hannu? Ni da hannuna nake ci."

"Yakan sa wasu. In ya sa ki, mu canza wani."

"To, fushin fa? Likita, wallahi shi kaɗai ya rage min. Shi ya tashe ni yau, shi ya sa ni a mota. In abin da za ki ba ni zai sa in ga yarinyar nan in yi mata murmushi, gara ki bar ni a kwance."

Likita ta danne dariya. "Ba zai goge abin da aka yi miki ba. Ƙarfin tashi zai ba ki. Amma ina so ki riƙa zuwa muna magana, har da ta ƙanwar."

"Maganar ƙanwa ba ta asibiti ba ce. Rubuta min kawai."

Ta karɓi maganin, amma ba gida ta nufa ba. A bakin shagon ta sauka.

Mata biyu na zaune a benci suna jira. Ƙanwar tana sunkuye kan tebur, alli a hannu, zufa na ɗiga, ga leshi mai tsada a shimfiɗe. Duk shekarun da suka yi tare, yayar ce mai yanka, ƙanwar haɗawa kawai take yi. Wanda zai ƙwace shago, ai ya kamata ya fara koyon riƙe almakashi!

"Lah, Yaya! Ya jiki?" Ƙanwar ta matso, ta rage murya. "Don Allah duba min wuyan nan. Na auna, na sake aunawa, na kasa sa almakashi. Ga mai shi can a zaune."

Kallo ɗaya yayar ta yi wa leshin ta ga inda layin allin ya karkace. Yatsunta har ƙaiƙayi suke yi. Rabon da ta ji sha'awar taɓa wani abu tun mijinta na da rai, kuma ta ji daɗin hakan ƙwarai.

"Ba ni ruwa," ta ce.

Ƙanwar ta kawo da gudu. Yayar ta ɓare ƙwaya ɗaya a gaban kowa, ta haɗiye, ta miƙa kofin.

"Na mene ne, Yaya?"

"Na samun sauƙi. Amma likita ta ce sai an yi makonni yake aiki. Yi yankanki."

Ta gaida matan, suka matsa mata. Ta zauna kusa da mai leshin, ta harɗe hannu. Ba inda za ta je sai ta ga almakashin ya shiga.