Ƙwayar Amai ta Iya Barakatu

"To faɗa mini, a danginmu wa kika taɓa gani ya hau bori?"

Yelwa ce ke wannan tambaya, a tsaye tsakar gida, saukarta ke nan daga motar Mashi, ko mayafi ba ta ajiye ba. Iya Barakatu tana kan tabarma, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Zauna mana, 'yar'uwa, a kawo miki ruwa."

"Ruwan gidan nan? Wa ya san abin da kika jefa a ciki!"

Ga yadda abin ya faro. Khairunnisa 'yar Yelwa, matar Zakiyyu ɗan Iya, ta kwana uku tana amai, laulayin cikin fari. Iya kuwa tana da ragowar ƙwayar tsai da amai, wadda ta saya a wani kemis a Zango tun azumin bara, ƙulle a leda cikin adaka. Ta dubi ƙwayar, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar dawa, ta ce guda ɗaya me za ta tsinana? Ta ba yarinya uku da hantsi, uku da azahar. Ita kuma ina ta ga idon ce wa uwar miji a'a? Ta haɗiye.

Kafin la'asar wuya ya murɗe baya, idanu suka kafe sama, harshe ya zazzago ya ƙi komawa. Iya ta fita da salati, ta ci karo da Laraba mai ƙosai a ƙofar gida, bakin Iya ya riga hankalinta: "Dama an ce dangin uwarta akwai masu iska." Wanda ya gaya wa Laraba magana kuwa ya huta da sanarwa. Ga shi lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, an hana girkar bori da kiɗan garaya. Washegari sai ga 'yan hisba biyu a zaure suna tambaya ko gaskiya ne ana bori a gidan.

Malamin da aka kira ya yi ruƙiyya har muryarsa ta dishe, wuya yana nan yadda yake. Zakiyyu ya ɗora matarsa a babur sai asibitin Daura. Allura ɗaya, wuya ya saki, harshe ya koma. Nas ta ce ƙwayar amai ce ke yin haka in ta yi yawa, musamman ga yara mata, wa ya ba ta? Khairunnisa ta sunkuyar da kai, ta ƙi kama sunan surukarta. Wannan shirun ya fi zagi ƙona Iya.

"Gobe a Islamiyyar matan aure," in ji Yelwa, "ki miƙe gaban mata ki ce ƙwayarki ce. Bakin da ya ɓata shi zai gyara."

Iya ta hango kanta a tsaye, ita da ake kawo wa jarirai ta duba, ga Laraba a sahun gaba tana gyara zama.

"Da furfurata, Yelwa? A ce dai mai kemis ne ya yi kuskure."

"Shi ya ce uku-uku? Shi ya ce danginmu na da iska?"

Iya ta hau tsintar zaren tabarma.

"To shi ke nan. Jikana ba za a haife shi ana nuna uwarsa da baki ba. Ke, fito mu tafi!"

Khairunnisa ta fito da 'yar jakarta, ta durƙusa har ƙasa. "Iya, a yafe ni."

Iya ta ci gaba da tsintar zaren tabarmarta. Yelwa ta ɗan jira, ta ga babu, ta fizgi hannun 'yarta. Ƙyauren kwanon zaure ta maka da ƙarfi, har kajin Laraba suka watse.