Motar Akawu a Kan Gungume

"Kauri nake so, Kafinta, ba kyau ba," in ji Akawu. Ya jingina da teburin aikina yana haki, ya ware hannuwa ya nuna mini tsawon. "Gungume biyu. Irin wanda giwa za ta taka bai tsage ba."

"Na me?"

"Na aiki."

Ni ba na bin mutum da tambaya. Amma na dube shi da kyau. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, idanunsa sun yi rawaya. Duk layinmu an san hanta ce, an kuma san likita ya sallamo shi da kwalaben magani kawai. Mutumin da ke wannan hali, me zai yi da gungume?

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Tun muna da baƙin gashi muke maƙwabta. Aikin akawu ya yi a wani ofis har ya yi ritaya, sunan ya bi shi gida. Bayan iyalinsa ba abin da yake ji da shi kamar motarsa. Ruwan toka ce, mai ƙofa huɗu, ba babba ba, ba ƙarama ba, irin wadda ke ɗaukar mutum da matarsa da yara a baya, da buhu a but. A cikinta aka kai matarsa haihuwar autansu. Autan yanzu har da gemu.

Motar ba ta taɓa yar da shi a hanya ba, wannan gaskiya ne. Amma tana da halinta. In ta yi zafi aka kashe ta, ba ta tashi sai an buɗe bonet an ƙwanƙwasa mata wani ƙarfe. Lagireto na shan ruwa kamar raƙumi, shi ya sa jarka ba ta barin but. In ta faɗa rami, sai ka ce an zubar da kwanuka. Shekara da shekaru ina ce masa ya gyara.

"Ta san ni, na san ta," haka yake cewa. "Kai ka gyara naka halin?"

Sai ga shi da ciwo ya kama shi, bakanike ya mai da gidan wurin zuwa. Aka canza abin tayar da inji. Aka sa sabon lagireto, sabon kuloci, sabon birki, sabbin shokozoba masu shanye girgiza. Har madubi mai faɗi aka ɗaura mata. Babban ɗansa da ke aiki a wani gari ya zo dubiya ya tarar da haka. Ina jin su ta katanga.

"Baba, tunda an gyara, bari in samo mai saye tun tana da daraja."

"Ban mutu ba tukuna."

"Ba haka nake nufi ba. Wa zai tuƙa ta? Umma in za ta fita, ta kira ni in turo mata mota."

"Ka turo," in ji Akawu. "Ranar da ka tuna."

Na sassaƙa gungumen, na kai, bakanike ya karɓa a ƙofa. Washegari da hantsi na ji motar ta tashi. Na ji giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Inji na ta gudu kamar a babban titi. Na leƙa waje. Ƙofar gidan a rufe take. Garejin Akawu kuwa tsawon mota ɗaya ne, ba ƙari. Mota na gudu ba ta zuwa ko'ina.

Haka kullum da hantsi. Wani lokaci ta yi tsalle ta mutu, sai in ji muryar Akawu can ƙasa-ƙasa, sai ta sake tashi.

"Malam, ka je ka gani mana," in ji maiɗakina.

"Ni ba na leƙen gidan mutane."

"To ka daina tsayawa da zarto a hannu kana saurare."

Aikina ne a ƙarƙashin motar. Kafinta na da ikon duba aikinsa. Na je na yi sallama, na tura ƙaramar ƙofa.

Gaban motar na sama, a kan gungumena. An tokare tayoyin baya da duwatsu. Na gaba suna ta juyawa a iska. A kujerar direba matar Akawu ce, an sa mata filo a ƙasa da wani a baya don ƙafarta ta kai. Shi yana gefenta, lulluɓe da bargo. Tana ganina ta saki komai ta ja mayafi ta rufe fuska. Motar ta mutu.

"Ga shi kin kashe ta a tsakiyar titi," in ji Akawu. "Shigo, Kafinta. Makaranta ce."

"Makarantar me?"

"Ta tuƙi."

"A kan katako?"

"Ta ce ba ta fita fili."

"Da furfurata?" in ji ta, ta cikin mayafi. "Yara su bi ni suna dariya? Kuma shi ba ya jure girgiza yanzu."

"In ta iya ƙafa da giya, saura wasa ne," in ji shi. "Sitiyari ai ko jaki ya san hanyar gida."

"Wannan koyon iyo ne a kan tabarma," na ce.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ta tashi ta tafi ɗebo masa ruwa. Sai ya kamo hannun rigata.

"In na tafi ba ta iya ba, kafin a watse zaman makoki an sayar da motar nan. Yaron ba mugu ba ne, amma zai sayar. Ita kuma ta zauna jiran a turo. Tsohuwarta na can ƙarshen gari, ni ke kai ta duk mako. Ba na so ta roƙi kowa, ko ɗan da ta haifa."

"Shi ya sa ka gyara."

"Ni na san inda ake ƙwanƙwasawa. Ita ba za ta buɗe bonet a gaban mutane ba."

Na duƙa na duba gungumen. Ba su tsage ba. Na koma shagona.

Ban san ko za ta iya kafin lokacinsa ba. Kullum ina sauraro. Mutuwar motar ta ragu. Muryar Akawu ma ta ragu.

Wata safiya motar ba ta tashi ba. Can sai ga matar a ƙofar shagona, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baban yara ba ya iya haɗiye ko ruwa. Numfashinsa ya canza."

Na same shi a kan gado, bakinsa a bushe. Na ce bari in tafi bakin titi in samo motar haya. Ya girgiza kai.

"A sauke tawa."

"Akawu, ba yau ba."

"Yaushe?"

Ni ban taɓa riƙe sitiyari ba, ban kuma ga abin kunya a ciki ba. Na kira tela na gidan da ke kallonmu. Muka sa jak, muka zare gungumen, tayoyin suka taɓa ƙasa. Muka ɗauko shi muka kwantar a kujerar baya, kansa a cinyata. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Ta zauna a kan filonta. Ta yi bisimilla, ta murɗa makulli, ta sa giyar baya. Motar ta motsa.

"Wayyo, tana tafiya!"

"Aikinta ke nan," in ji Akawu, idonsa a rufe.

Muka goge ƙofar gidan da gefen mota, muka fito. Ta daidaita ta da ƙyar. Daga nan sai ta yi abin da aka koya mata kullum: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a jere, ba tsayawa. A gareji haka ake yi. Layinmu kuwa ƙanƙane ne, ga kwata hagu da dama. Na ga shaguna suna wucewa kamar an jefa su. Mai kayan miya ya ja tirensa ya faɗa zauren wani.

"Hajiya, rage!"

Ta taka birki da dukkan ƙarfinta. A kan gungume birki ba ya jefa kowa. Goshina ya bugi kujerar gaba. Na riƙe Akawu da hannu biyu. Na ji kafaɗarsa na rawa, na ɗauka mutuwa ce. Ashe dariya yake yi.

"Sabo ne," ya ce. "Taɓa shi kamar kan jariri. Ki zauna a ta biyu."

Ta zauna a ta biyu. Muka hau babban titi, masu babur na ta mana hon, wani ya leƙo ya ce, "Mama, gidanku ne titin?" Ba ta ko kalle shi ba. A shataletale muka yi ta zagayawa, ta rasa ta inda za ta fita, har sai da na miƙa hannu ta taga na tare wata motar kaya da tsawa. Ta fita.

Muka faɗa wani rami. Shiru.

"Ka ji, Kafinta?" Muryarsa sai na sunkuya nake ji. "Ba kwanuka."

"Na ji."

"Yaya hannunta?"

"Yana rawa."

"Ƙafar fa?"

"Ƙafar ta iya."

"Hannun zai koya."

Bai ƙara magana ba. Ta tsaya a ƙofar asibiti a hankali, ba wanda ya bugi komai. Aka zo da gadon turawa aka ɗauke shi. Kafin azahar ya cika, tana riƙe da hannunsa. Allah ya jiƙansa.

Da aka gama abin da ake yi a asibiti, motar asibitin ta ɗauki gawar. Na ce mata mu bar tamu a nan, wani ya zo ya ɗauka. Ta share fuska da mayafi.

"Ni na kawo ta."

Muka bi bayan motar asibitin. Na zauna a gaba, inda yake zama. Muka iso layinmu. An riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane sun taru. Babban ɗan ya iso, yana tsaye da jajayen idanu. Ya ga motar, ya ga wadda ke ciki, ya tsaya baki buɗe.

Ta tsayar da ita a karkace, taya ɗaya a bakin kwata. Ta kashe. Ya zo ya buɗe mata ƙofa, ya miƙa hannu.

"Umma, kawo makullin in shigar da ita."

"Bar ta nan. Ni zan shigar."

Ya juyo wajena. "Baba Kafinta, ita ta kai shi?"

"Ina ciki," na ce.

Ya sauke hannunsa. Ta ƙulle makullin a bakin mayafinta, mata suka zo suka tare ta, suka shige da ita ciki.

An bar ƙofar direba a buɗe. Na zagaya in rufe. Takalmanta na nan a ƙasa, gefen kuloci, an jera su ɗaya kusa da ɗaya. Ashe ba takalmi ta shiga gida. Injin na ta ƙas-ƙas yana hucewa. Na bar su a inda suke, na tura ƙofar a hankali.