Inda Tiburcio Ya Nutse

Nemesio yana tsaye cikin laka har gwiwa, yana kwashe taɓo da shebur daga hanyar da ya haƙa wa kwale-kwalensa, sai ya ji Hermelinda mai suyar kifi tana kiransa daga rumfarta.

"Fito ka wanke ƙafa, ka yi baƙi. Da alama labari bai kai musu ba."

Ranar Lahadi ce. A da, rana irin wannan ko wurin ajiye mota ba ka samu a wurin shaƙatawar gwamnatin jiha da ke bakin tafkin. Iyalai kan zo da gawayi da tortiya, wainar masararsu, yara su yi ta iyo, masu kwale-kwale su yi ta faɗa kan fasinja. Yanzu teburan siminti na nan ƙarƙashin itatuwa, karnuka ne ke kwance a kansu. Damina ta yi rowa shekara da shekaru, masu gonakin fiya kuma suna zuƙe abin da ya rage na ruwan tafkin da injuna. Abokan sana'ar Nemesio sun watse, wasu sun tsallaka iyakar ƙasa ta arewa neman aiki, wasu suna tsinkar fiya a gonakin nan. Kifin da Hermelinda ke soyawa ma daga kasuwar birni take sayo shi cikin ƙanƙara.

Baƙin su biyu ne. Wata mace mai kayan ofis, da wani tsoho ramamme da ta riƙe wa hannu. Tsohon ya rungume damin fure rawaya, fuskarsa na kallon sama kaɗan, irin ta wanda ba ya gani.

"Sunana Griselda," in ji matar. "Wannan mahaifina ne, Don Crescencio. A nan aka haife shi."

Ta zaunar da shi a benci, ta ja Nemesio gefe, ta rage murya. Ciwon suga ne ya cinye masa ido, yanzu ya kama ƙoda, likitoci sun ce a kai shi gida ya huta. Yana saurayi shi da ƙanensa Tiburcio suka fita kamun kifi, iska ta kife da su a wuri mai zurfi, gabas da tsibirin zalɓe. Shi ya fita, ƙanen ko gawarsa ba a gani ba. Tun da ya koma birni bai sake zuwa ba, sai yanzu ya kafe a kawo shi.

"Ban san haka wurin ya zama ba," ta ce, tana kallon busasshiyar ƙasar da ta miƙe har inda ido ya tsaya. "Don Allah kada ka gaya masa. Ka kai mu duk inda ruwa ya rage, ya zuba furensa mu tafi."

Nemesio ya san wurin da take nufi. Shanu ke kiwo a can tun bara. Ya gyaɗa kai kawai.

Suka bi gadar katako har ƙarshenta, suka sauka kan allunan da ya jera bisa laka. Nemesio ya ɗauki tsohon ya sa cikin kwale-kwale, ya kama doguwar sandarsa ya fara turawa tsakanin ciyawar kacala.

"Ina injinka, yaro?" in ji Don Crescencio. Nemesio ya haura hamsin, an daɗe ba a kira shi yaro ba.

"Ya lalace."

"Gara haka. Inji korar kifi yake. Farin kifi na kamuwa bana?"

"Jefi-jefi," in ji Nemesio, wanda rabonsa da ganin farin kifi tun kafin 'yarsa ta yi aure.

Suka fita daga hanyar zuwa ragowar ruwan, kore shar, kainuwa ta rufe rabinsa. Wari na tashi. Griselda ta toshe hanci, ta ce da murya mai fara'a, "Baba, ka ga faɗinsa kuwa, yana nan yadda kake ba mu labari."

Tsohon ya karkata kai yana saurare. Ƙasan kwale-kwalen ya gogi laka, ya wuce, ya sake goga.

"Mun iso, Baba," in ji ta.

"Ba ni sandar nan."

Nemesio ya dubi Griselda, sannan ya miƙa masa. Tsohon ya zura ta cikin ruwa da hannu biyu, kamar mai shirin sakinta ta nutse. Ba ta shiga kamu ɗaya ba ta tsaya. Ya ciro, ya shafa lakar da yatsa, ya kai hanci.

"Gefe muke tukuna," in ji Griselda. "Ko ba haka ba, Don Nemesio?"

Daga gabas wata saniya ta yi kuka, ƙararrawar wuyanta na kaɗawa.

"Griselda, ido na rasa, ba kunne ba," in ji tsohon. Babu faɗa a muryarsa. Ya juyo wajen Nemesio. "Tun yaushe?"

"Wurin naku ya bushe bara. Sauran ma ba zai kai baɗi ba."

"Ana zuwa da ƙafa?"

"Ana zuwa."

"To kai ni."

Nemesio ya tura kwale-kwalen har ya kafe, ya sauka, ya goya tsohon. Bai kai buhun masara nauyi ba. Griselda ta cire takalmi ta biyo su, tana kuka ba sauti. Laka ta koma busasshiyar ƙasa mai tsaga-tsaga, tana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin ƙafa. Suka wuce tsofaffin tayoyi da kwalabe da wani ruɓaɓɓen jirgin katako da ciyawa ta fito a cikinsa. Da tsibirin ya koma bayansu ta hagu, Nemesio ya sauke shi.

"Nan ne. Nan ne mafi zurfi."

Don Crescencio ya durƙusa ya shafa ƙasar, ya sa yatsu cikin wata tsaga har suka ɓace.

"Da ya bushe, ba a tsinci komai ba? Ko ƙashi?"

"Tsofaffin taru dai, da takalma. Ban ji an ce ƙashi ba."

"Duk shekarun nan in na tuna shi, cewa nake yana cikin ruwa. Yaron yana son ruwa." Ya zare yatsunsa daga tsagar. "Yanzu ina zan ce yake?"

Ya ajiye furen, ya ɗora ɓaraguzan laka a kan karan don kada iska ta kwashe, ya yi alamar gicciye. Addu'ar da ya fara bai kai ƙarshenta ba, numfashi ya gaza masa.

Daga nan gaɓa ta fi kwale-kwalen kusa, don haka Nemesio ya sake goya shi suka miƙe kai tsaye. Ba su yi nisa ba Griselda ta waiga, ta tsaya cak. Saniyar ta iso wurin, ta sa baki cikin furen. Griselda ta duƙa za ta ɗauki hoge ta jefe ta.

"Ƙyale ta," in ji tsohon daga bayan Nemesio. "Ita ma ba ta da komai."

A bakin rumfa Griselda ta wanke ƙafa da ruwan jarka, ta sallami Nemesio, ta sa mahaifinta a mota. Tsohon ya riƙe hannun Nemesio ta taga, ya daɗe bai saki ba, sannan motar ta fita ta ƙofar da babu mai gadi.

Hermelinda ta zubo wa Nemesio kifi a takarda, ta matsa lemun tsami. Ya zauna yana ci, laka na bushewa a ƙwaurinsa.

"Ina kwale-kwalen?" ta tambaya.

"Yana can."

"Haka ka bar shi? Ko ɗaure shi ba ka yi ba?"

Nemesio ya ɗaga kai ya dubi filin.

"Ina zai je?"