Ruwan Shuka a Dir'iyya

Tun ranar da aka damƙa wa Arzika ƙullin irin nan bai sake samun natsuwa ba. Da safe ya shafa aljihu, da rana ya shafa, ko alwala zai yi sai ya fito da shi ya leƙa, sai ka ce wani na fakon sacewa. Abin kuma da yake wa wannan gadi bai cika cokali ba. Ƙwayoyi ne baƙaƙe, irin alayyafo ma ya fi su girma.

Ɗaukar dutse ne aikinsa tun zuwansa Riyad, a wani kamfanin ƙawata filaye da ke aiki a Dir'iyya. Yanzu baya ya fara yi masa gardama, har sai ya dafa bango yake miƙewa daga sujada. Ya san abin da ke biyo bayan haka, domin ya raka mutane da yawa filin jirgi: wanda ya kasa ɗaukar kaya ba a sabunta masa iƙama, takardar izinin zama. Ga iyali a Illela, kowa hannunsa yake kallo.

Kamil ne ya nuna masa mafita. Shi ne shugaban mashtal, rumfar da ake renon tsirrai a cikinta, saurayi ne jikan Hausawa haifaffen unguwar Utaiƙa, Hausarsa rabi Larabci ce.

"Ya ammi Arzika, an ce kai manomi ne," in ji shi, don haka yake kiransa, ammi, wato baffa. "Ga wannan. Fure ne gajere, ba ya tashi sama, rarrafe yake ya rufe ƙasa. In ya kama, halas, shekara da shekaru yana nan. Ka ga wancan fili tsakanin duwatsu? Ka rufe min shi, in ɗauke ka mashtal ka huta da dutse. Barbaɗawa ake yi, ba a binnewa. Amma ka ajiye shi sai zafi ya zo ya wuce. Yanzu mamnu', an hana, ka fahimta?"

"Na jiya, Mudir."

Kunnensa kam ya ji. Jikinsa ne bai ji ba.

Wata Alhamis cikin Afrilu, bayan la'asar, gabas ta haɗe. Arzika ya ajiye dutse ya ɗaga kai, ya ɗauka ya sake ajiyewa, har wanda ke bayansa a layi ya fara tsaki. Sai ruwa ya ɓarke, ba yayyafi ba, ruwa na sosai. Leburori suka watse neman mafaka, shi ko ya tsaya a tsakiyar fili yana shaƙar ƙamshin ƙasa kamar mai jin yunwa a bakin tukunya. Da aka ɗauke, ya durƙusa ya tona da hannu yadda mahaifinsa ya koya masa. Laima ta wuce tsawon tafi. A Illela, namijin da ya ga wannan ya zauna da iri a aljihu, har jikokinsa sai sun sha gori. Ya nemi Kamil, aka ce ya tafi gari. Ya je bakin bas ɗin ma'aikata, ya sa ƙafa ɗaya, ya sauko. Ai shi ke nan.

Aiki dai ya yi shi da kyau, wannan ba a ƙwace masa. Ya gauraya irin da yashi kamar mai shuka riɗi, ya barbaɗa, ya danna da tafin hannu. Bai rage ko ƙwaya ba. Ledar ƙullin ma a bayan ofishin Kamil ya kakkaɓe ta, lokacin da ya je wanke hannu.

Ba a daɗe ba fili ya yi kore shar. Arzika har ya manta da ciwon baya, ya je ya jawo Kamil ya zo ya gani. Kamil ya tsaya ya dafe kai.

"Ya Allah! Ammi, me ka yi?"

"Ruwa ya sauka, Mudir. Da hannuna na tona."

"Nan ba damina! Wannan ruwan ban kwana ne. Bayansa wuta ce, wallahi wuta."

Wutar kuwa ta zo. Arzika ya yi ban ruwa da safe, kafin azahar ƙasa ta dafa tsiron a cikin ruwan da ya zuba. Ya tsinto kwalaye ya yi musu inuwa, iska ta kwashe. Yana ɗauke da dutse idonsa na can, lokacin hutu wasu na kwance shi yana kai da komo. Yana kallo kore ya koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasa ya koma babu. Kamil bai yi masa faɗa ba, kuma bai sake ta da maganar mashtal ba, abin da ya fi faɗa ciwo ke nan. Kunya ta ishi Arzika: furfura a kai, yaro ya faɗa masa gaskiya ya ƙi ji.

Ana cikin haka ƙaninsa Jibirilla ya aiko masa da saƙon murya daga gida. Farko ba magana, sai ƙarar ruwa bisa kwanon ɗaki, da tsawa can nesa, da wata akuya da ke kuka. Sa'annan ya ce, "Yaya, ka ji shi nan. Gobe shuka." Arzika ya saurara har ya ji haushi, ya kashe, ya sake kunnawa.

Zafi na tsakiyar ganiyarsa ya zaga bayan ofishin Kamil neman inuwa, don bayansa ya riƙe. Nan na'urar sanyaya ɗaki, mukayyif, take ɗigar da ruwa ɗis, ɗis, wuni guda. A ƙarƙashin ɗigon, daidai inda ya kakkaɓe leda, ga wani ɗan kore mai faɗin faifai ya lafe da ƙasa.

Bai faɗa wa kowa ba, sai ma hankalinsa ya ƙara tashi. In mai shara ya tuge shi fa? In aka gyara na'urar ta daina ɗiga? Ya kewaye shi da ƙananan duwatsu, ya riƙa zuwa leƙe har aka fara tsokanarsa wai ya yi budurwa a bayan ofis. Abin ya yi ta rarrafe a hankali, ya haye duwatsun. Ranar da ya fitar da furanni 'yan mitsi-mitsi ruwan hoda, ranar Kamil ya zago ya same shi tsugune.

Kamil ya daɗe yana kallo. "Duk zafin nan kai kake tsaronsa?"

"Ni da mukayyif ɗinka, Mudir."

Da sanyi ya fara shigowa, Kamil ya miƙa masa sabon ƙulli, ya sa aka jiƙa fili da tiyo. "Yalla, ammi. Yanzu ne lokaci. Wannan karon in ya kama, mashtal naka."

Arzika ya gauraya iri da yashi, ya shiga fili, ya tsaya. Sama tas, ko tsumman gajimare babu. Ya cika hannu, hannun ya ƙi buɗewa. Tun da aka haife shi bai taɓa zuba iri a jiƙaƙƙiyar ƙasar da sama ba ta jiƙa ba, sai ya ji kamar zai yi salla kafin a kira. Kamil na gefe yana jira.

Ya zaro waya, ya nemo saƙon Jibirilla, ya kunna, ya mayar aljihun gaba. Ruwa ya fara dukan kwano a ƙirjinsa. Ya yi bismilla ya barbaɗa.

"Wannan ƙarar mece ce?" Kamil ya tambaya.

"Damina ce. Ta gida."

Kamil ya matso kusa. Kakarsa ta sha ba shi labarinta, amma bai taɓa ji da kunnensa ba. Da saƙon ya ƙare, Arzika ya kai tsakiyar fili.

"Ammi," in ji Kamil, "sake kunnawa."